Rasor ɗin guduma a bindigar gasa: laba 11.5 ko 13, 17 ko 19?

Ranar Asabar da ta wuce muna fada a Yantala, nan Yamai, ana jiran shayi na biyu, sai ƙanen wani abokina, wanda bai fi shekara ɗaya da shiga harkar harbin gasa ba, ya miƙo min waya ya ce "Yaya, dan Allah duba min nan, mai gyaran bindigoginmu zai yi komand ƙarshen wata ya ce kowa ya faɗi abin da yake so, wanne zan ce a sa min?" Na duba, hoton rasor ne guda biyu na bindigar hannu CZ Shadow 2, ɗaya an rubuta 11.5 ɗaya an rubuta 13. Daga yadda ya yi tambayar ma na san ya riga ya gama yanke shawara a ransa, 11.5 yake so, don ya kwana yana kallon Amurkawa a YouTube suna taɓa kunama kamar ana shafa auduga. Na ce masa ƙanena maganar ta fi ƙarfin kofin shayi ɗaya, bari in zauna in rubuta, in ya so duk wanda ke da irin tambayar ya karanta.

Tun kafin wani ya ɗaga min murya: maganar nan ta masu takarda ce, waɗanda ke da izinin hukuma, suna harbin kwali da faranti a filin da aka yarda. A ƙasar nan riƙe bindiga ba wasa ba ne, ballantana a halin da ake ciki, kuma ko ɗan rasor ɗin ma ta hannun mai izini ya kamata ya biyo. To mun gama da wannan.

Abin da muke magana a kansa shi ne rasor ɗin da ke tura guduma. Makanikan Katako rasor suke cewa, 'yan uwanmu na wajen Kano su ce sifirin, duk abu ɗaya ne. Mutane da yawa suna rikita shi da dogon rasor ɗin da ke ƙarƙashin bututu wanda ke mayar da kilas, wato ƙarfen saman bindiga da ke zamewa baya da gaba, wurinsa bayan harbi, ba shi ba ne. Wannan namu yana ɓoye cikin mariƙi ta baya, wajen da tafin hannunka ke dafawa, in ka ja guduma baya shi kake matsewa, in ka danna kunama shi ke sakin ƙarfinsa guduma ta doki allura, allura ta doki amorsi, wato ɗan maɓallin nan da ke gindin harsashi. Ana auna shi da laba don yawancin masu ƙera shi Amurkawa ne, laba ɗaya gram 454 ce, saboda haka 11.5 kusan kilo 5.2 ke nan, 13 kusan kilo 5.9, 17 kusan 7.7, 19 kusan 8.6, 23 kuma kusan kilo 10.4. Amma kar ka ɗauki lambar kamfani ɗaya ka kwatanta da ta wani kamar ma'aunin gero, 13 na wannan ba lallai ya zo daidai da 13 na wancan ba, kuma 16 na bindigar Beretta ba shi da alaƙa da 16 na bindigar da ake kira 1911, tsawonsu daban, wurin zamansu daban.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne suna ɗauka aikinsa ɗaya, wai nauyin kunama. Aikinsa uku ne a lokaci guda. Yana da hannu a nauyin kunama, gaskiya ne, shi ke ba allura ƙarfin fasa amorsi, sannan kuma duk lokacin da kilas ya koma baya bayan harbi dole ya ture guduma ya kwantar da ita, ke nan rasor ɗin nan birki ne a farkon tafiyar kilas. In ka rage shi don yatsanka ya ji daɗi, sauran biyun ma ka rage su, ko ka sani ko ba ka sani ba.

Mu fara da CZ tunda ita ce ta jawo zancen. Shadow 2 ta fito a 2016 daga masana'antar Uherský Brod a ƙasar Cek, jikanyar CZ 75 ce, kuma a gasar IPSC, wato ƙungiyar duniya ta harbin gudu da lokaci, a rukunin Production na bindigogin da suke kusan yadda suka fito daga kamfani, ita ce ta cika fili, ko Eric Grauffel na Faransa da ya daɗe yana cin duniya da bindigar Tanfoglio daga baya CZ ya koma. Irin wannan bindiga harbin farko da guduma a kwance ake yinsa, yatsanka ne zai ɗaga gudumar tun daga ƙasa har ta kai ƙarshe ta faɗi, to a nan kam rasor ɗin kake ja kai tsaye, duk abin da ka rage a jikinsa za ka ji shi a yatsa. Na kamfani ya fi 13 nauyi, shi ya sa in ka sauka zuwa 13 bambancin a bayyane yake, ko makaho ya ja zai sani. Daga 13 zuwa 11.5 kuma akwai ƙarin sauƙi amma ba kamar na farkon ba, a tawa da na sa ma'auni bai kai rabin kilo ba. Daga harbi na biyu zuwa ƙarshe gudumar a ɗage take, kilas ne ke ɗaga ta, kai ɗan sakinta kawai kake yi, kuma a nan bambancin 13 da 11.5 ɗan kaɗan ne ƙwarai, in aka rufe min ido ba na rantsuwa zan bambance su.

Yanzu yi lissafi da ni. A kowane zango na gasa sau ɗaya tak kake yin wancan jan mai nauyi. In gasar zango 12 ce, jan nauyi 12 ke nan a yini guda, sauran harsashi ɗari da wani abu ko ɗari biyu duk da jan sauƙi za su fita. Ke nan ribar 11.5 a harbi 12 take, amma haɗarinta yana kan kowane harsashi da ka sa a sharja, wato gidan harsasai, don kowane ɗaya sai allura ta fasa amorsinsa. Kuma a IPSC maki ake rabawa da lokaci. Ɗauki ƙaramin zango mai harsashi 12, kowane harbi a tsakiya maki 5, jimla 60. Ka gama cikin sakan 10, sakamakonka 6. Harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ka ji ƙyas a maimakon kara, ka tsaya, ka gane abin da ya faru, ka ja kilas ka zubar da shi, ka sake nemo saiti, a ce sakan 2 ya tafi in kai mai sauri ne, sakamako ya koma 5. Kashi ɗaya cikin shida na zangon ya tafi a banza. In kuma a rikice ka wuce kwalin ba ka rama harbin ba, ga asarar maki 5 ga tarar maki 10 a kai. Nawa ne jan farko mai laushi zai ba ka? Wataƙila ɗan ɓangaren sakan, wataƙila ya hana harbin farko zamewa gefe. To sau nawa za ka tara wannan kafin ya biya ƙyas ɗaya? Garin neman ƙiba ake samo rama.

Wani zai ce ai CZ in ta ƙi sai ka sake jan kunama ta sake dukan harsashin. E haka ne, kuma sau da yawa duka na biyu yana tashinsa, wannan fa'ida ce da mai 1911 ba shi da ita, shi sai ya ja kilas ko ya ɗaga guduma da yatsa. Amma ka tuna ka koma jan nauyi a tsakiyar gudu ba ka shirya ba, kuma in bai tashi a karo na biyun ba asarar ta ninka.

Sai kuma doka. A Production na IPSC jan farko kar ya gaza kilo 2.27, wato laba 5, in ka cika wannan sauran jan ba ruwansu da nauyinsa, ko kuma kowane ja ya kai kilo 1.36. Da 13 kana nesa da wannan iyaka. Da 11.5 ma yawanci kana sama da ita, amma in mai gyara ya goge kayan ciki sun yi sulɓi sosai, rasor ɗin kuma ya fara gajiya, sai ka ga kana matsowa kusa, kuma in aka auna ka faɗi ƙasa to an cire ka daga rukuninka an kai ka Open, can wajen masu madubin saiti da kompansata mai rage tsallen bakin bindiga, ka je da jaki tseren dawaki.

Amma duk wannan ba shi ne babbar maganar ba. Babbar maganar amorsi ce, kuma a nan ne Yamai ta bambanta da Amurka. Amorsi ba taurinsu ɗaya ba. Kowa a harkar nan ya san na Federal su ne mafi laushi, na Winchester na tsakiya, na CCI sun fi tauri, harsasan soja na ma'aunin NATO da na Rasha masu kwanson ƙarfe kuwa da gangan aka yi su da tauri, don an yi su ne saboda bindigogin da allurarsu ke duka da ƙarfi. Mutumin da kake kallo a bidiyo yana yabon 11.5, je ka bincika, a garejinsa yake ɗura harsashinsa da hannunsa, da amorsin Federal, yana danna kowane ɗaya har ya zauna daram a gindin raminsa, sannan ya sa doguwar allura da rasor ɗin allura mai laushi. Su kansu masu sayar da kayan, irin su Cajun Gun Works, ba sa ɓoyewa cewa mai laushin nan tafiyarsa da doguwar allura ce. To kai fa? Kai abin da ya samu shi kake harbawa. Wannan wata kwalin Sellier & Bellot ne, wata mai zuwa Fiocchi ko Magtech, wata rana a kawo wani kwali da ba ka taɓa ganin sunansa ba, ko tsohon kaya da ya yi shekaru a magaza yana shan zafin watan Afrilu. Ba kai ke zaɓar amorsi ba, amorsi ke zaɓar maka rasor. Wannan ita ce maganar da nake so ƙanen nan nawa ya riƙe in ma ya manta sauran.

Na taɓa cin wannan wuya da kaina shi ya sa nake magana da zafi. Shekarun baya na sa 11.5 da doguwar allura, na yi wata biyu ina atisaye da kwali iri ɗaya ko sau ɗaya ba ta ƙi ba, har na fara yi wa masu 13 dariya ina ce musu 'yan dako. Ranar da muka shirya 'yar gasa tsakaninmu wancan kwalin ya ƙare, aka raba mana wani daban, zango na biyu ƙyas, zango na huɗu ƙyas sau biyu, na tsinci harsasan na duba gindinsu, ɗan tabo ne kawai kamar an taɓa da farce. Wani dattijo tsohon soja da ke tsaye bayana ya karɓi ɗaya ya sa a tasa bindigar da ba a taɓa kwance ta ba tun daga kamfani, ta tashi tas. Bai ce min komai ba, miƙo min kwanson kawai ya yi yana murmushi, ni kuwa da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Ga kuma ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu in hunturu ya sauko da hazonsa, ko cikin akwati ka kulle abu sai ka tarar da gari a kansa. Ramin da allura ke gudu a ciki in ka kuskura ka zuba masa mai, ƙura da hayaƙin albarushi su haɗu da man su zama kamar kunun kanwa, allura ta riƙa tafiya da kyar. Rasor mai nauyi yana da rarar ƙarfin da zai ture wannan dattin ya wuce, mai laushi ba shi da rara, daidai wa daida yake aiki, abu kaɗan ya tare shi ya gaza. Shi ya sa ramin allura a bushe ake barinsa, a wanke a busar, ba mai. Wanda ke Tawa ma abin ya fi shafarsa, can yashin ba ya jiran hunturu.

To 15 ko na kamfani fa? In harsashin da ke zuwa hannunka na soja ne zalla, kar ka ji kunya, sa 15 ko ka bar na kamfani, ka ba mai gyara ya goge maka wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe. Mutane ba su yarda ba sai sun gwada, amma ja mai nauyi da ke tafiya sumul ya fi ja mara nauyi mai gargada sauƙin sarrafawa, abin da ke karkatar da saiti sau da yawa ba nauyin ba ne, tsalle-tsallen da kunama ke yi a hanya ne.

Yanzu 1911 da ƙanwarta mai faɗin sharja da ake kira 2011, waɗanda ake shiga rukunan Classic da Standard da Open da su. Nan lissafin ya sauya gaba ɗaya, kuma a ganina nan ne aka fi yin asarar kuɗi a banza. Bindigar John Browning ce da sojan Amurka suka karɓa a 1911, ba ta da jan nauyi ko ɗaya, kullum guduma a ɗage take da sakata a kai. Rasor ɗin gudumarta na asali laba 23 ne. Masu gasa suna sauka 21, 19, 18, 17, wasu har 15. Abin da za ka samu a yatsa daga 23 zuwa 19 ɗan kaɗan ne, daga 19 zuwa 17 kuwa ya fi ƙanƙanta, don nauyin kunamar 1911 yawancinsa daga wani wuri yake fitowa, daga falallen rasor ɗin nan mai yatsu uku da kuma yadda haƙoran guduma suka zauna a kan ɗan ƙarfen da ke riƙe su. Wannan kuma aikin mai gyara ne da ya san hannunsa, ba aikin faifan YouTube da fayil ɗin Katako ba, don in aka ci wurin da yawa guduma za ta riƙa bin kilas tana faɗuwa da kanta, bindiga ta zama haɗari ga mai ita da na kusa da shi, alƙalin fili kuma ya fitar da ita daga gasa.

To me ya sa ake sauya shi a 1911 in ba don kunama ba? Don tafiyar kilas. Ka tuna na ce birki ne. Abin sha'awa da wannan birki shi ne a komawa baya kawai yake aiki, a dawowa gaba ba ruwansa, don guduma ta riga ta maƙale. Dogon rasor ɗin gaba kuwa hanya biyu yake aiki, yana rage gudun kilas a baya amma duk ƙarfin da ya tara sai ya maka shi gaba, shi ya sa in ya yi nauyi za ka ga bakin bindiga yana dungurawa ƙasa bayan kowane harbi, saiti ya nutse sai ka ɗago shi. Saboda haka mai harbin harsashi mai ƙarfi, wanda ake kira majo, wato ma'aunin ƙarfi 170 a Standard da Classic, irin su .40 da .45, yana iya barin rasor ɗin guduma da ɗan nauyi, 19 ko 21 ko ma 23 ɗin, ya rage na gaba, kilas ya buɗe a natse ya rufe a natse. In ka haɗa 17 da harsashin majo da na gaba mai laushi, kilas zai riƙa dukan jikin bindiga da ƙarfi, za ka ji shi a tafin hannu kamar ana buga ƙofa, kwanso kuma ya riƙa tashi har wajen masu kallo.

Mai harbin 9mm mai laushi, mino, ma'auni 125, shi matsalarsa akasin haka ce. Kilas ɗin 1911 nauyi gare shi, harsashin kuma ba shi da ƙarfin tura shi sosai, in ka bar masa 23 sai ka ga kwanso yana faɗowa a kan takalminka, wani lokacin ya maƙale a baki tsaye kamar bututun murhu, ko kilas ya ƙi tsayawa a baya bayan harsashin ƙarshe. A nan 19 ko 17 yana da dalili na gaske. Ma'aunin ƙarfin nan ba wani sihiri ba ne, nauyin kan harsashi a giren ake ninkawa da gudunsa a ƙafa cikin sakan a raba da 1000, misali giren 124 mai gudun ƙafa 1050 ya ba ka 130. Ni dai inda kwanso ke sauka nake kallo, in yana faɗuwa kamar taku biyu zuwa uku daga inda nake tsaye, wuri ɗaya, to abubuwa sun daidaita.

Tsakanin 17 da 19 ni 19 nake ba mutum a nan garin, dalilin dai shi ne na ɗazu, amorsi. 17 yana aiki lafiya da allurar ƙarfe da harsashi mai laushin gindi. Amma duba abin da ke cikin bindigarka tukuna. In allurarka ta titaniyom ce, ba ta da nauyi, tana bukatar duka mai ƙarfi, kamfanonin da ke sa ta da rasor mai nauyi suke haɗa ta, ka rage shi ka shiga uku. In Colt ce irin Series 80 da aka fara a 1983, mai ɗan makullin allura a ciki, shi ma in bai daidaita ba yana iya cin wani abu daga ƙarfin dukan. Guduma mai ramuka mara nauyi tana faɗuwa da sauri amma ba ta da jiki, ita ma ba ta son rasor mai laushi sosai. Duk waɗannan tarawa suke yi, kowanne ya ɗan ciji kaɗan, sai ranar gasa su haɗu su ba ka ƙyas.

Akwai wani ɗan ƙarfe a bayan kilas da ke tare allura, gindinsa ne ke ture guduma, in gindin a zagaye yake sosai kilas na buɗewa da sauƙi, in kusan a miƙe yake da ɗan lanƙwasa kaɗan sai ya ture gudumar daga ƙasa kusa da ƙusarta, buɗewar ta yi nauyi. Masu gyara suna wasa da wannan su samu birki ba tare da sun ƙara rasor ba. Na kawo shi ne don ka san in bindigogi biyu duk suna da 19 amma ɗaya ta fi ɗaya taurin ja, ba lallai rasor ɗin ne ya yi ƙarya ba.

Ana yawan kawo zancen lokacin da guduma ke ɗauka kafin ta isa, wai mai laushi yana jinkiri. Gaskiya ne amma ɓangarorin sakan ne cikin dubu, mai harbin tsanaki a mita 25 da hannu ɗaya yana iya damuwa da shi, mai gudu tsakanin kwalaye a mita 10 ba shi ne matsalarsa ba. Su masu gasar ISSF, wato irin harbin da ake yi a Olympics, ma dokarsu ta riga ta ɗaure su, kunamar mita 25 kar ta gaza gram 1000, kuma .22 da suke harbawa a gefen kwanso ake dukansa, yana son duka mai kyau, ba wurin rage rasor ba ne. Beretta 92 kuwa hanyarta a share take, na kamfani laba 20, ka sa na samfurin D mai laba 16, an daɗe ana yi kuma yana tashin kusan komai, ƙasa da haka 14 ko 13 ko 12 ka koma zancenmu na amorsi. Mai Glock ba shi da guduma balle rasor ɗinta, nasa na allura ne, amma ciwon iri ɗaya ne in ya rage.

Abu ɗaya da nake roƙo, kar a yanke rasor. Na ga wanda ya sa filaya ya cire zagaye biyu wai ya yi wa kansa mai laushi kyauta. Yankewa ba ta mayar da waya laushi, gajarta shi kawai ka yi, ka rage matsin da yake da shi lokacin da guduma ke kwance, wato daidai ƙarshen tafiyarta inda ake bukatar ƙarfin, kuma ba ka san lambar abin da ke hannunka ba, gobe in ya yi kyau ba ka iya maimaitawa, in ya ɓaci ba ka iya mayarwa. Kuɗin rasor sabo bai kai na kwalin harsashi ɗaya ba.

Haka maganar doguwar allura, ba kyauta take zuwa ba. Shadow 2 ba ta da makullin allura irin na CZ 75 B, rasor ɗin allurar ne kawai ke riƙe ta a baya. Ka ƙara mata tsawo ka rage wa rasor ɗinta ƙarfi, ka rage tazarar da ke tsakaninta da amorsi ke nan, in bindigar ta faɗi ƙasa da harsashi a ciki haɗarin ya ƙaru. Bindigar fili ce, a fili za ta zauna, kuma mai gyara ne zai haɗa ya gwada.

Yadda nake gwaji ba wuya. Abu ɗaya nake sauyawa a lokaci guda, in na sauya na guduma ba na taɓa na gaba sai na ga yadda ta yi. Kafin in je fili, bayan na cire sharja na duba ciki sau biyu na tabbata ba komai, ina zura fensir mai roba a gindi cikin bututu, robar tana kallon allura, in ɗaga bakin sama in danna, yadda fensirin ya yi tsalle yana nuna min ƙarfin dukan in na kwatanta da na tsohon rasor. Wannan nuni ne kawai, hukunci a fili yake. Can nake neman harsashi mafi taurin gindi da nake da shi, ba mafi kyau ba, in harba da bindigar da ta riga ta yi datti, ba wadda aka wanke da safe ba, kuma a CZ ina kwantar da guduma in yi ta jan nauyi, don a nan gudumar ba ta kaiwa can baya sosai kamar in kilas ne ya ɗaga ta, dukan ya fi rauni, in za ta ƙi a nan za ta fara ƙi. In ta ƙi ko sau ɗaya a cikin ɗari biyu ko uku, kuma harsashin ya tashi a wata bindigar, na hau mataki ɗaya sama, ba gardama. Ba a fafe gora ranar tafiya, rasor ɗin da bai yi wata guda a bindigata ba ba ya zuwa gasa. Kuma yana gajiya, wanda ke tashin komai bana baɗi yana iya fara ƙi, musamman ga mai yawan atisayen danna kunama ba harsashi a gida, ni duk shekara bayan hunturu nake sauya nawa in rubuta ranar a murfin akwati.

Jiya da dare yaron ya kira ni, na ce masa a sa maka 13 guda biyu, 15 guda ɗaya ka ajiye saboda ranar da za a kawo harsashin soja, kuɗin doguwar allurar kuma ka ƙara a na harsashi ka je ka yi ta jan farko har yatsan ya saba. Ya yi shiru, sannan ya ce "To Yaya, 11.5 ɗin fa, ko guda ɗaya don in ji yadda yake?" Na ce nawa na nan cikin gwangwanin Nescafé tun waccan gasar, zo ka ɗauka ranar Asabar, amma ka zo da sukari don na fada ya ƙare.